Ƙanzon da Ba a Tuƙa Tuwonsa Ba

Wannan babin saboda ku na rubuta shi, ku ɗiyana da ɗiyan yayana Mamman, tunda gida ɗaya kuka tashi, kwano ɗaya kuka ci. Na san abin da ake faɗa muku a gari. Ana cewa ranar da maza suka tare hanya a Bakolori, Garba yana kicin ɗin Nasara yana gasa burodi. Ba ƙarya aka yi mini ba. Ina can, burodin kuwa na gasa shi. Sai dai masu wannan magana ba su taɓa gaya muku cikin wa burodin ya shiga ba, don ba su sani ba, kuma ba su tambaya ba. Ni ba malami ba ne, bokona ya tsaya a firamare, ita ma ban ƙare ba. Abin da idona ya gani zan faɗa, wanda ya ga dama ya yarda.

Ƙauyenmu yana ƙarƙashin ruwa yanzu, kusa da tsohon Maradun. Kakanku, Baba, yana da fadama a bakin gulbi wadda ya gada, shinkafa da damina, albasa da dankali da rani, ga gonar gero a tudu. Ban taɓa ganin an auno hatsi daga kasuwa an shigo da shi gidanmu ba. A wurin Baba, magidancin da ke cin hatsin saye bai cika magidanci ba, ko da yana da raƙuma. Da aikin dam ya zo, aka yi ta zuwa da igiyoyi da turaku ana aune-aune, aka yi mana alkawura masu daɗin ji. Daga baya aka loda mu a tifa kamar yashi, aka zube mu a kan wani tudu mai marmara, inda fartanya ke tashi da wuta in ka sara. Baba ya zagaya wurin da aka ce nasa ne, ya duƙa ya ɗebi ƙasar ya murza. Washegari wani ma'aikacin kamfanin da ke gina dam ɗin ya zo da buhunan gari wai taimako. A gaban mutane Baba ya tashi tsaye.

“Na rantse da Wanda ya halicce ni,” in ji shi, “abin da duk ya hito hannun kamfanin ga ba shi shiga bakina, sai an mai da man gonata ko a ba ni wadda ta kai ta.”

Mutane da yawa sun faɗi irin wannan a ranar. Kafin sati ya zagayo sun ci garin, ban kuma ga laifinsu ba. Baba ne kaɗai ya riƙe tasa, domin shi ba ya magana sau biyu.

Mun taho da geron tsohon rumbu, amma bakunan da ke gidan sun fi shi yawa: Baba da Inna, da Mamman da matarsa Ige da ƙanana uku, sai ni. Abin da muka shuka a tudun nan da damina ya fito kamar gashin tsoho, ko irin bai mayar ba. Sai na bi motar lebura zuwa Talata Mafara neman aikin ɗaukar kaya. A bakin barikin Turawan aikin dam wani dattijo mai farar riga ya tsaya yana duban hannuwan mutane, ba fuskokinsu ba. Shi ne Danjuma, kukun da ya yi shekaru yana dafa wa Turawan kuza a Jos. Ya ga farcena a yanke, ya tambaye ni ko ina jin Turanci. Na ce ina jin na gaisuwa da na aike. Ya ce abin da ake bukata ke nan, wanda ya fi haka ji ba ya daɗewa. Haka na zama mai taimakon kuku a gidan wani injiniya ɗan Italiya da lebura ke kira Jan Wuya. Da na koma gida na faɗa, Baba bai zage ni ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce wa Inna daga yau a ware tukunyarsa, kada hatsin da albashina ya sayo ya taɓa ta.

“Kuku,” ya ce, kamar yana ɗanɗana kalmar. “Ɗan manomi. To, Allah shi kyauta.”

Aikin farko da Danjuma ya damƙa mini shi ne gasa burodin safe, kuma kada ku ɗauka ƙaramin aiki ne. Mu a ƙauye burodi tsaraba ce ta wanda ya je birni, ko abincin marar lafiya, kuma laushinsa shi ne darajarsa. Can na tarar da mutanen da sai sun busar da shi a wuta sannan su ci. Akwai wata na'ura mai sheƙi da Danjuma ke kira tosta, mai baki biyu a sama. Ka yanka burodi daidai kauri, ka zura, ka danna, wayoyi su yi ja a ciki, can sai ta cillo shi sama da ƙara. Ranar farko da ta cillo na saki faranti ya fashe, Danjuma ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita tana da sauri, amma baya kawai take gasawa, ciki na nan da danshi, kuma in janareta ya yi tari sai ta tsaya da aiki rabi. Akwai na kaskon ƙarfe, wanda ake shafa bota a kwantar da yankan har ya yi ja, shi matar wani baƙo ke so. Akwai obin, ɗakin da ke ƙasan murhun gas, inda ake jera shi a rage wuta ya bushe har ciki, ya koma kamar katako, wannan na zubawa a miya ne. Amma shi Jan Wuya, da duk waɗannan kaya a gidansa, ba ya son ko ɗaya. Sai an hura gawayi a kurfoti a bayan kicin, an bar harshen wuta ya mutu saura jan garwashi, an ɗora raga, an gasa yanka mai kauri har ya yi zane baƙi-baƙi, a goga masa tafarnuwa ɗanya, a ɗiga man zaitun da gishiri. Wai haka uwarsa ke yi masa a ƙauyensu. Mutumin da ya zo da injunan da suka shafe ƙauyena, shi ne ke lumshe ido yana tuna nasa ƙauyen a kan garwashin da na hura. Kullum sai na yi wannan tunanin, kullum kuma sai na kai masa farantin da hannu biyu.

Burodinsu ba irin na kasuwar Mafara ba ne mai zaƙi da laushi. A barikin ake yin sa, ba sukari, ɓawonsa da tauri, cikinsa da ɗan tsami-tsami. In ya kwana biyu ba sa ci, sai a zuba a garwa a kai juji. Na tambayi Danjuma ko zan iya ɗauka.

“Ɗauki,” ya ce, “amma ka bi ta ƙofar gaba da shi, mai gadi ya gani. Abin da aka zubar in ka ɓoye shi ya zama sata.”

Ran Lahadi nake samun hutu. Na riƙa cika buhu in hau motar lebura in kai gida, yara su jiƙa a kunu. Hatsi ya yi tsada a shekarar nan, domin daga Maradun har Bakura gonaki ko suna cikin ruwa ko katafila na kansu tana baje su, ba wanda ya girbe abin kirki. Abin da nake iya aunowa bai isa tuwo ba, kunu ake damawa tsararo. Burodin nan shi ke riƙe cikin yara. Ku da kuke manya yanzu, Bello da Hassi da Auta, da shi kuka yi ƙashi.

Matsalar Baba ce. A gidanmu mai gida kaɗai ke hawa rumbu ya fiddo hatsi, saboda haka ba yadda za a yi masa dabara da geron saye, ya san kowane zangarniya. Da sanyi ya wuce ya fiddo na ƙarshe, ya share rumbun da hannunsa, ya kife murfin. Daga nan sai ganye, tafasa da zogale, in an samu. Mutum ne dogo mai faɗin kafaɗa, sai ga shi riga na yawo a jikinsa, in ya tashi daga salla sai ya dafa bango. Liman ya zo ya ce masa rantsuwa tana da kaffara, ya yi azumi ya ci abinci, addini bai ce ka kashe kanka ba. Baba ya ce ya sani, ya gode, ya kawar da zancen zuwa na rijiya.

Inna ce ta samo hanya. Kun san mata na kankare ƙanzon tukunya su shanya su adana saboda bazara. Tana da ɗan buhu da ta taho da shi daga tsohon gari, na geron gonarsa. Shi ta fara jiƙa masa tana yin datu da ƙuli-ƙuli da barkono, yana ci ba musu, tunda nasa ne. Amma ɗan buhu ne. Wata Lahadi ta ja ni bayan ɗaki, ta ɗauki wani ɓawon burodi da ya ƙone a kurfoti, ta karya, ta sansana, ta sa a baki.

“Wanga abin Nasara,” ta ce, “in ya sha wuta, mi ya raba shi da ƙanzo?”

“Inna, Baba fa ne.”

“Na san shi tun ba a haihe ka ba. Kai dai kawo man shi busasshe. Zunubin ni ka ɗauka, ba kai ba.”

Ba a rana ɗaya muka dace ba. Na fara kawo na tosta, don shi ya fi sauƙi, in Jan Wuya ya fita sai in yi ta zurawa. Kafin tsakiyar sati ya yi hunhuna a buhu saboda danshin cikinsa, Inna ta zuba wa kaji. Na gwada na kasko, ta sansana ta ture, ta ce wannan ko makaho ya san ya bi ta hannun Nasara, warin botarsu na nan. Na kurfoti ya fi kama, don yana da hayaƙi, amma zanen raga na fitowa a jikinsa. A ƙarshe ga yadda muka yi. In yanka shi siriri, in cire inda ya yi fari da yawa, in jera a obin bayan an sauke abincin rana, zafin da ya rage ya busar da shi har ciki. Danjuma ya ga ina yi bai tambaye ni ba, sai wata rana ya ce in daina rufe ƙofar obin ruf, in bar ɗan tsaga tururi ya fita. In na kai gida, Inna ta jira Baba ya tafi masallaci, ta ɗora tsohuwar tukunyar tuwonsa ta ƙasa a murhu ba ruwa, ta farfasa burodin a ciki, ta yayyafa ɗan ruwan tsamiya da dusar gero, ta yi ta juyawa har ya yi duhu ya ɗauki ƙamshin tukunyar. Da farko tana haɗawa da na gaskiya, rabi da rabi. Da na gaskiya ya ƙare sai namu zalla.

Ranar da aka fara kai masa zalla ina gida. Na zauna nesa ina gyaran takalmi, ina satar kallonsa. Ya yi bisimilla, ya kai loma, ya tauna a hankali, ya daɗe yana taunawa. Ya dubi Inna. Ita kuwa ta ba shi baya tana hura wuta.

“Ƙanzon ga naki da auki shike,” ya ce.

“Albarkar gonarka ce, Malam.”

Ya cinye, ya sha ruwa, ya yi hamdala. Cikin 'yan makonni ya daina dafa bango. Har ya koma zuwa taron manoma da ake yi a gindin tsamiya, inda ake shirya yadda za a je a nemi haƙƙi.

Mamman shi ne a gaba-gaba a wannan taro. Ya girme ni sosai, ƙaƙƙarfa ne, mai zafin zuciya, kuma tun da na kama aiki bai sake cin abinci kwano ɗaya da ni ba. Ige ce ta gaya masa abin da muke yi. Ya tare ni a hanyar tasha da yamma ina saɓe da buhun da ba kowa a ciki.

“Boyin Nasara,” ya ce, “an koma wanke tukwane?”

“An koma, Yaya. Ko da saƙo?”

“Kai da tsohuwa kun mai da dattijo abin wasa. Shi yana taƙama gaban mutane bai ci na kamfani ba, ku kuna ɗura mashi abin jujinsu. Ni ka gaya mashi yau.”

“Gaya mashi,” na ce. “Amma in ka gaya mashi ka wuce ka ari diga, don ƙasar ga tauri gare ta, kabari ba shi haƙuwa da hwartanya. Kuma ka hwara hana naka ɗiyan ci, in ga ni.”

Ya ɗaga hannu, na tsaya ban matsa ba. Ya sauke, ya tofar da yawu a gefen ƙafata.

“In munka karɓo gonar,” ya ce, “ko ɗan sanho ba ka ɗauka ciki.”

“Ku karɓo tukuna.”

Wannan ita ce doguwar magana ta ƙarshe da na yi da yayana. Bai gaya wa Baba ba. Ban sani ba ko tausayi ne, ko ya ga gaskiyata ne, bai faɗa ba, ni kuma ba zan ƙaga masa abin da bai ce ba.

Manoma suka tare hanyoyin aikin da itatuwa da duwatsu, daga namu na Maradun har na wajen Mafara da Bakura waɗanda aka baje wa gonaki. Suka hana motoci wucewa, suka ce ba su tashi sai an saurare su. Abin ya ɗauki lokaci. Mu da ke bariki aka hana mu fita, na yi Lahadi biyu ban je gida ba, tunanina duk yana kan buhun Inna, ko ya ƙare. Ran da abin ya faru da safe ne. Ina tsugune a bayan kicin gaban kurfoti, na jera yanka huɗu a raga. Sai na ji ƙara daga nesa, kamar ana fasa dutse a wurin aiki, sai dai an daɗe ba a fasa dutse ba, kuma wannan ba ta tsayawa. Tsuntsaye suka tashi daga itatuwan bariki. Na miƙe. Danjuma ya fito bakin ƙofa da tawul a kafaɗa, ya saurara, ya san abin da ya ji, ni ma na sani, harbin bindiga ne.

“Akwai naka a can?” ya ce.

“Yayana.”

Ya nuna ragar da haɓa.

“Juya shi, zai ƙone. Ba a buɗe maka ƙofar nan yau, ko ka yi kuka ko ka yi dariya.”

Na juya shi. Na goga tafarnuwa, na ɗiga mai, na kai teburi. Jan Wuya yana tsaye a taga da sigari, bai taɓa farantin ba. Wannan shi ne burodin da ake ba ku labari.

Sai bayan kwana biyu na samu fita. Na iske an riga an rufe Mamman. Mu mun samu gawa, wasu gidajen ko wannan ba su samu ba. Na shiga zaman makoki, mutane suka matsa suka bar mini fili kamar mai ƙyanda. Wani tsoho da muka taso tare da ɗansa ya miƙo hannu, da ya ga ni ne sai ya mayar cikin riga. Baba yana zaune a kan buzu yana amsa gaisuwa, idonsa a bushe.

Bayan an watse, da la'asar, Inna ta kawo masa kwanon datu kamar kullum. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakinsa. Ya buɗe faifan, ya duba, ya mayar ya rufe, ya tura kwanon gabanta da yatsa biyu.

“Ɗauke, ya isa.”

“Malam, tun shekaranjiya ba ka sa komi ba. Ƙanzonka ne.”

“Ba ƙanzo ba ne,” ya ce, ba tare da ɗaga murya ba. “Tun kina amarya nike cin ƙanzon tukunyarki. Ban taɓa cin wanda ba ya da yashin dutsen niƙa ba. Wanga ko sau ɗaya bai yi man ƙaras a haƙori ba. Tun lomar hwarko na sani.”

Inna ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Ni na kasa ɗaga kai.

“Ban tambaya ba, ba ku hwaɗa ba,” ya ce. “Na ci, don ina son in kai ranar da za a mai da gonar in ga Mamman ya sa garma ciki. Na ce in ranar ta zo sai in yi kaffara in roƙi gahwara. To, wa za ya sa garmar yanzu?”

Tunda nake ban taɓa jin sunan Mamman a bakinsa ba, ɗan fari ne, sai dai ya ce “yayanka” ko “wancan”. Ranar na fara ji.

Na matsa na durƙusa. Na ce masa na bar aikin, ba na komawa, zan zauna in sari marmarar nan har ta ba da wani abu, shi dai ya ci ko kunu ne. Da gaske nake, domin a ranar ko ƙamshin gawayi ba na son ji. Ya bar ni na gama. Sannan ya tambaye ni ko na zo da burodin. Na ce akwai guda biyu a buhu, ban samu busarwa ba.

“Kawo. Ka gasa shi nan gabana yadda kake yi ma Nasaran. In ga aikin da ɗana ya iya.”

Na ɗauka ba'a ce, amma fuskarsa ba ta nuna haka ba. Na kwaso garwashi daga murhun Inna a kan fasasshen kasko, na ajiye a tsakar gida. Ba raga, sai na lanƙwasa wayar tsohon keke na ɗora. Na yanka da wuƙarsa ta yankan albasa, na jera, na tsuguna ina fifita da faifai. Ba tafarnuwa, ba man zaitun, sai ɗan man gyaɗa a kwalba da gishiri. Yana kallon hannuna tun daga farko har ƙarshe, yadda yake kallon mai shuka in yana son ya san ko ɗan gida ne. Da ya yi ja na juya, na ɗiga mai, na barbaɗa gishiri, na sa a faifai na miƙa masa. Ya karɓa, ya kai hanci ya sansana. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Zuciyata ta ce zai ci.

Ya ce wa Ige, da ke cikin takaba a ɗaki, ta turo yaran. Kuka fito ku uku, Auta yana jan ƙafa. Ya karya da hannunsa, ya sa wa kowa a tafi.

“Ku ci,” ya ce. “Ku ba ku yi rantsuwa ba.”

Kuka ci, har Hassi tana lasar yatsa. Ya kakkaɓe ɓurɓushin da ya manne masa a hannu a kan faifan, a hankali, kada ko ɗaya ya saura. Sannan ya dube ni.

“Gobe ka koma bakin aikinka. Ubansu ya tahi, ni kau ina bisa hanya. In ka zauna nan don ka hwaranta man rai, mi za su ci? Mutane za su zage ka. Ka bari su zaga.”

“Baba, kai hwa?”

“Ni na gama cin na ɓoye, na sarari kau ba ni iyawa. Tashi ka ba ni buta.”

Na koma. Duk Lahadi ina zuwa da buhu, Inna ta daina ɗora tsohuwar tukunya, ana ba ku burodin a fili. Shi kuwa ruwa da ganye, sai ɗan nonon da wata Bafulatana da ta san shi tun a tsohon gari ke kawo masa in ta biyo. Liman ya sake zuwa, ƙannensa suka zo daga Kaya, Inna ta yi kuka ta yi fushi ta yi roƙo. Kowa sai ya yi masa godiya ya tambaye shi mutanen gida. Ya daina zuwa masallaci, sannan ya daina fitowa tsakar gida. Lahadin ƙarshe da na gan shi na ɗaga shi don a gyara shimfiɗa, bai fi nauyin damin kara ba. Ya tambaye ni ko Nasaran yana biyana a kan lokaci. Na ce yana biya. Ya ce to madalla.

Bai ga ruwan farko na shekarar ba. Da safe aka aiko, direban motar lebura ne ya leƙo ta katangar bayan kicin ya faɗa mini, ina tsugune gaban kurfoti. Danjuma ya ce in tafi, shi zai ƙarasa. Na ce a'a. Baba ne ya ce in riƙe aikin, kuma akwai bakuna biyar da ke jira a gida. Na gasa, na goga tafarnuwa, na kai teburi, na kwashe na jiya na zuba a buhu saboda masu zaman makoki za su zo da yara. Sannan na cire farar riga na rataye, na fita ta ƙofar gaba don mai gadi ya gani.